Hure da Butar Nanda

In ka tsaya a tashar Dogon Dutsi ka tambayi inda Hure take, ba wanda zai ce maka wace Hure. Za a nuna maka gindin bedi, bishiyar dogon yaro, can gefen gudron, wato kwalta, inda wata doguwar tsohuwa ke zaune da ƙwarya biyu a gabanta, tana dama fura tana faɗa da 'yan kabu-kabu. Faɗan kuwa ba na ƙiyayya ba ne, haka bakinta yake. Wanda ya ce nononta ya yi tsami, sai ta ce masa harshensa ne ya kwana bai wanke ba.

A rugar da ke bayan Sukukutane aka haife ta, cikin shanu ta tashi, cikin shanu aka kai ta ɗakin Buba. Shekarar da fari ya cinye garken, su biyu suka ɗauko abin da ya rage, wato ɗansu Abdulbasit da akuya guda, suka shigo gari. Buba ya kama kiwon dabbobin mutane, ita ta kama talla. Amma ba furar ce ta sa ake girmama ta ba. Tun tana amarya uwar mijinta ta koya mata wankan gawa, kuma da ta zo gari sai ya zama duk macen da ta cika a unguwarsu, Hure ake aika wa. Ko tana tsakiyar ciniki ne, rufe ƙwarya take yi ta tafi. Ba ta karɓar ko goro a kan wannan aiki, kuma abin da idonta ya gani a jikin mamaciya, bakinta bai taɓa fitar da shi ba. Matar da ba ta iya riƙe magana a tasha, a ɗakin gawa kurma ce. Da wannan take tinƙaho, ta kan ce fura don ciki ce, wankan gawa shi ne abin da za ta nuna wa Allah.

To, ana nan sai ga Nanda. Wani ɗan siririn mutum ne baƙi mai santsin gashi, daga wani tsibiri da ke ƙarƙashin Indiya, Siri Lanka. Kamfanin masu haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, ne ya zo da shi. Kamfanin ya gama kwangila ya naɗe kayansa, shi ya ce ya gaji da yawo. Ya kama wata rumfar kwano kusa da bedin Hure, yana gyaran fanfo da injin ban ruwa, har ya iya Hausa irin tasa, mai kai da ƙafa a juye. Sunansa na gaskiya Nandasiri, mutane suka datse shi.

Ranar farko da ya zo sayen fura, ya ga dunƙulen a jere cikin ƙwarya, sai ya tsaya yana murmushi shi kaɗai.

Hure ta ce, "Kai baƙo, mi kake ma dariya? Hurata ko ni?"

Ya ce a'a, gida ya tuna. Wai a Indiya maƙwabciyarsu, tun zamanin da ba a san farkonsa ba, haka ake dunƙula shinkafa a ajiye wa iyayen da suka mutu, a zuba musu ruwa a bakin kogi.

Tabɗi! Hure ta ajiye ludayi. Ta ce, "Wato abincin matattu nika saidawa? Tashi ka ba ni wuri!"

Sai da ya yi sati yana ba ta haƙuri kafin ta sake sayar masa. Daga nan kuma shi ke nan, suka ƙulle. Yana ce mata Yaya, tana ce masa Mai Fanfo, kullum da hantsi yana zaune a kan bencinta da ƙoƙonsa.

Mutanen gari ba su san inda za su ajiye shi ba. Ba ya masallaci, ba ya coci. A lungun rumfarsa akwai wani ɗan mutum-mutumi zaune ya naɗe ƙafa, shi ne ya sa aka ce gunki yake bauta wa. Shi kuwa ya ce ba Allah ba ne, siffar malaminsu ce, Buda, wanda ya koyar da su cewa duk abin da ya taru sai ya watse. Ba ya kashe ko kunama, da tsinke yake ɗauke ta ya kai bayan katanga, Hure tana zaginsa tana cewa ranar da ta harbe shi kada ya kira sunanta. Ita ba ta taɓa shiga zancen addininsa ba, shi ma bai taɓa shiga nata ba. In ta tashi salla, shi ke tsare mata ƙwarya.

Abin da ya haɗa su da gaske ruwa ne. Duk wanda ya zauna a unguwar nan da bazara ya san yadda rabine, wato fanfon gwamnati, ke bushewa, mata su jera bido, jarkar ɗiban ruwa, tun safe su koma da shi wayam. Mutuwa kuwa ba ta jiran a kawo ruwa. Wata rana Hure ta dawo daga gidan rasuwa tana huci, ta ce yau da ruwan da bai cika tulu ba ta wanke baiwar Allah, sai ka ce ana wanke cokali. Rasuwar da ta biyo baya, kafin Hure ta isa, ta tarar da bido cike a ƙofar gidan, shi kuma har ya juya babur ɗinsa. Tun daga ranar ya mai da shi aikinsa. Da ya ga ta rufe ƙwarya ba lokacin tashi ba, sai ya ɗaura bido a babur. Ba ya shiga, ba ya jiran godiya, ajiyewa yake yi a bakin zaure ya tafi. Shekaru aka yi a haka, har mutane suka daina ganin abin.

Da Buba ya rasu, Nanda ya zo cikin fararen kaya tun daga sama har ƙasa, ya zauna a ƙarshen tabarma bai ɗaga hannu ba da ake addu'a, bai kuma tashi ba. Kwanakin zaman makoki duka shi ya riƙa kawo shinkafa da wake a babbar roba. Ya ce a ƙasarsu ba a hura wuta a gidan da aka yi mutuwa, maƙwabta ke ciyarwa. Hure ta ce ashe dai su ma mutane ne. Ta faɗa da wasa, amma hawaye na zuba.

Sau ɗaya ta taɓa ganin ibadarsa. Labarin rasuwar uwarsa ya zo masa ta waya, ba shi da halin tafiya. Ya sayi furarta duka ya ce ta raba wa duk wanda ya zo. Sannan ya durƙusa a bakin rumfarsa, ya ɗora ɗan kofi a kan faranti, ya ɗauki wata 'yar butar tagulla yana tsiyaya ruwa a hankali. Kofin ya cika, bai daina ba, ruwa ya malalo cikin farantin.

Hure ta ce, "Kai da ka san wahalar ruwa, kai ka ɓarna da shi?"

Ya ce ba ɓarna ba ce. Alherin da aka yi da sunan mamaci, ana so ya isa gare shi, shi ne ake zuba ruwan har ya tumbatsa ana tuna shi. Ya ce al'adar ta girmi Buda kansa, ta mutanen Indiya na dā ce masu shayar da kakanninsu, sai malaman Buda suka ce matacce ba ya shan ruwa, a ciyar da rayayyu, a bar ruwan ya zama shaida. Hure ta taɓe baki ta ce kowa da kalar haukansa, ta koma gindin bedi.

Ciwon da ya kashe shi a hankali ya ci shi. Ƙafafu suka kumbura, aka kai shi asibiti aka dawo da shi. Hure ce ke kai masa kunu. Wata rana da la'asar ya miƙo mata butar tagullar nan da kofin.

Ya ce, "Yaya, ni ba ni da kowa a nan. Gawata a yi yadda aka ga dama, a gida wasu ƙonewa ake yi, wasu binnewa, duk ɗaya ne a wurina. Abu uku nake roƙo. Ki ciyar da mutane. Ki sayi farin yadi ki ba wanda ba shi da tufa, don a gida malamanmu muke ba, su da tun asali tsumman makabarta suke tsinta su ɗinka riga. Sai ki zuba mini ruwan."

Ta ce, "Mai Fanfo, ni musulma ta. Ba ni karanta maka komi, ba ni kiran sunan kowa."

Ya ce, "Kada ki karanta. Ki zuba kawai, ki tuna ni."

Ta daɗe tana juya butar a hannunta. Sannan ta ce to. Wanda ya san Hure kuwa ya san "to" ɗinta ba ya dawowa.

Da ya cika, gari ya ɗauki surutu wai za a ƙone shi a bayan dutse, har yara suna shirin zuwa kallo. Ba a ƙone kowa ba. Ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, suka zo suka kai shi inda ake binne baƙi, suka rufe. Da a nan zancen ya tsaya, da ba wanda zai sake tuna shi.

Sai Hure ta shiga kasuwa wurin Habu mai yadi ta ce a yanko mata farin alawayyo. Habu ya san ta da sayen likkafani, ya ce, "Inna lillahi, wa ya rasu kuma?" Ta ce na Mai Fanfo ne, ta kuma zayyana masa komai, don ita ba ta iya ɓoye abin da ba na gawa ba. Kafin azahar labari ya kai ko'ina, kuma ya canza kama. Ka san ƙasar Arewa ta nan Dogon Dutsi da bori. Farin ƙyalle, ga nono, ga ruwa a zuba a ƙasa: ko yaron goye ya san wannan kayan Doguwa ne, aljanar 'yan bori. Aka ce ashe baƙon nan iskoki gare shi, ya mutu ya bar wa Hure gado, yanzu za ta yi musu girka a tsakiyar tasha. Wasu ma suka rantse sun ga idonta ya juye. Idon da ya juye! Matar da hayaƙin murhu ya cinye wa ido shekara da shekaru.

Abdulbasit ne ya fara zuwa. Yanzu mushe ne, wato malamin boko, yana koyarwa a lakkwal, makarantar gwamnati, mutum mai sanyi da gudun magana. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, don Allah ki rufa muna asiri. Ko'ina na bi nuna ni akai."

Ta ce, "Sata niy yi?"

"Ba ki yi ba. Amma in dole sai kin zuba, ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa ki zuba. Wa zai sani?"

Nan ranta ya ɓaci. Ta ce, "Da ubanka ya mutu, a ɓoye Nanda ya kawo ruwan da anka wanke shi? Da rana tsaka ya ɗauko, duk gari na kallo. Ni kuma sai in laɓe kamar mai cin amana? Abin da nika jin kunyar yi a waje, ba ni yin shi a ɗaka. Wanga kuwa ban jin kunyar shi."

Bayansa sai Malama Juwairiyya, wadda ke karantar da matan unguwa. Kada wani ya ɗauka muguwa ce. Tana son Hure, ita ce ma ta gyara mata Fatiha da tahiya bayan ta tsufa. Ta zauna a bakin gado ta yi mata magana a hankali, ta ce ta yarda ba bori ba ne, amma ibadar wasu ce, kuma musulmi ba ya ara. Ta ce tana jin tsoron abin da zai same ta gobe kiyama. Sannan ta faɗi abin da aka aiko ta da shi.

"Goggo Hure, mata sun yi magana. In kika yi wannan abu, ba mai sake yarda ki taɓa gawar uwarsa ko 'yarsa. Ni ma ba zan iya tare miki ba."

Wallahi maganar ta shige ta. Da an ce za a hana ta fura, da dariya za ta yi. Wannan kuwa shi ne abin da ta tara duk rayuwarta. Ta sunkuyar da kai har Malama ta zaci ta sauko. Sai ta ce, "Na ji. Ki gai da gida."

Ranar da aka saba yin sadakar bakwai, wadda Nanda ya ce su ma suna yin irinta, Hure ta fito da hantsi da fura ƙwarya uku. Ta ce yau ba ciniki, sadakar Mai Fanfo ce. 'Yan unguwa suka ja baya kamar an ce guba ce. Amma tasha tasha ce: direbobin Dogon Kiriya, masu dako, matafiya da suka kwana a hanya, waɗannan ba su tambayi addinin fura ba, suka shanye tas. Yadin ta kai wa tsoho Zaidu makaho da ke zama a bakin otogar, wato tashar mota. Ya shafa shi, ya shinshina, ya ce, "Hure, wanga ya fi ƙarfin riga. Aje shi nikai, in na mutu a sa ni ciki." Ta ce nasa ne, ya yi yadda ya so.

Sannan ta je bakin rumfar Nanda da ke kulle, ta durƙusa a inda ta taɓa ganin ya durƙusa. Ta ajiye faranti, ta ɗora kofi. Mutane suka taru, mata a baya, masu waya sun ɗaga suna jiran iska ta hau. Abdulbasit na can nesa ya sunkuyar da kai.

Wata mata daga cikin taron ta ɗaga murya ta ce, "Ki ji tsoron Allah, Hure! Kahiri kike ma wanga?"

Hure ta ɗago ta dube ta. Fati ce, matar mai gyaran rediyo.

Ta ce, "Fati, uwarki da ruwan wa niw wanke ta?"

Ta juya ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. "Ke hwa? Ɗiyarki da ta mutu wurin haihuwa, da ruwan wa? Kai Habu, innarka? Ku duka kun sha ganin bido a bakin zaure, ba wanda ya ce a mai da shi don na kahiri na. Yau da zan mai da mishi cikin kofi guda, shi na kunka tuna da Allah? Ni na san Ubangijina, shi ma ya san ni. Ku matsa, kuna tare min haske."

Ta karkata butar. Ruwan ya sauko siriri, kofin ya cika, ya tumbatsa, ya malala cikin farantin. Ba ta karanta komai ba. Ta tuna shi yana ɗauke kunama da tsinke, sai ta ji dariya da kuka sun taho mata tare, ta haɗiye su. Da butar ta ƙare ta ɗauki farantin ta juye a gindin bedi. Iska ba ta hau kowa ba, masu waya suka sauke hannu suna jin haushi. Ta wanke ƙwaryarta, da azahar ta yi ta tayar da salla a inda ta saba.

Abin da Malama ta faɗa kuwa ya tabbata. Aka yi rasuwa, ba a aiko ba. Aka sake yi, sai a bakin masu sayen fura ta ji. Ta yi kamar ko a jikinta, tana ta faɗanta da 'yan kabu-kabu, amma Abdulbasit ya ce ya sha tarar da ita tana ninke tsummanta na wankan gawa tana warwarewa. Ya roƙe ta ta je ta ce ta tuba, a wuce wurin. Ta ce ta tuba daga me? In ta ce ta yi nadama ta yi ƙarya, kuma ba za ta wanke gawar mutane da hannun maƙaryaciya ba.

Da bazara ta kama sai Hindatu ta rasu. Wannan ita ce ta fara ba Hure ɗaki ranar da suka shigo gari da akuyarsu, kuma ta sha cewa, "Ke za ki wanke ni, kada ki bari yaran nan su jagwalgwala ni." Hure na gindin bedi labari ya iske ta. Ta rufe ƙwarya don sabo, ta zauna tana kallon hanya. Ba wanda ya zo. Ranar ta rushe da kuka a gaban mutane, irin wanda ba ta yi ba ko a mutuwar Buba.

Can sai ta ji wasu mata suna wucewa suna cewa an rasa ruwa a gidan. Rabine ya ɗauke tun jiya, fanfon unguwa kuma tun da Mai Fanfo ya kwanta ba wanda ya iya tayar da shi. Gawa na kwance ana jira.

Hure ta share fuska. Ta ɗauki bido ta nufi rijiyar lambu da ke gangare, wadda ko samari ke ƙyashin zuwa. Ta ja da guga, ta cika, ta yi gammo ta ɗora. Tsohuwa da bido a ka, rana na dukan ta, tana tafe tana hutawa. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ya ce ta kawo ya kai mata, ta ce ya wuce, ba da shi Hindatu ta yi alkawari ba.

Ta isa ƙofar gidan Hindatu, maza na zaune a tabarma. Ba ta nemi shiga ba. Ta sauke bidon a bakin zaure, daidai inda Nanda ke ajiyewa. Malama Juwairiyya ce ta leƙo, hannun rigarta a naɗe. Suka dubi juna.

Hure ta ce, "Ba ta son ruwa mai sanyi, ki ɗan ɗumama. Kuma kahwaɗarta ta hagu ta taɓa karyewa, ki juya ta sannu."

Idon Malama ya cika. Sai ta sunkuya ta kama bidon da hannu biyu ta ja shi ciki.

Hure ta warware gammonta ta kaɗe, ta sake naɗe shi. Bido ɗaya ba ya isar wanka, ita ta fi kowa sani. Ta ce a miƙo mata wani, ta juya ta koma rijiya.